Ƙarar Banza a Ɗakin Ƙarfe: Nazari kan Ƙararrawar Hayaƙi a Garwa da Arewacin Kamaru

A unguwannin Garwa da Marwa da Ngaundere mutum zai yi ta shiga gida bayan gida bai ga ƙararrawar hayaƙi maƙale a silin ba. Inda ake samunta shi ne manyan otal-otal da bankuna, sai kuma wani irin muhalli da ya yawaita a yankin cikin 'yan shekarun nan, wato ɗakunan kwantena da ɗakunan tafi-da-gidanka waɗanda ake ɗorawa a tirela a sauke inda aiki ya kama. Babban aiki ba ya zuwa arewacin Kamaru sai da irin waɗannan ɗakuna a bayansa, ko na gyaran filin wasa na Roumdé Adjia ne kafin gasar cin kofin Afirka ta farkon 2022, ko na tashoshin wutar hasken rana a Guider da Marwa, ko na shimfiɗa hanya, ko hidimar agaji irin wadda ake yi wa sansanin 'yan gudun hijira na Minawao tun 2013. A ciki ake ofis, a ciki ake ajiya, a ciki injiniya da direba da maigadi suke kwana. Da yawansu an ƙera su ne a Turai ko Turkiyya ko Sin, sun iso da ƙararrawarsu a manne tun daga masana'anta. Ke nan babu wanda ya zauna ya zaɓar wa Garwa wannan na'ura. Rakiya ta yo.

Abin da mazauna waɗannan ɗakuna suka fi saninta da shi shi ne kurma ihu ba gaira ba dalili, sau da yawa da tsakar dare, a tashi a duba ko'ina babu wuta babu alamarta. Nan take sai a yanke hukunci cewa ta lalace, ko kuma jabu ce. A mafi yawan lokuta wannan hukunci kuskure ne. Lafiyarta ƙalau, aikinta take yi, sai dai an kawo ta muhallin da ba a auna ta da shi ba. Haɗarin gaske kuwa yana cikin abin da mutane ke yi mata bayan ta dame su.

Abin da na'urar ke gani

Ƙararrawar hayaƙi ba ta san wuta ba, ba ta kuma jin ƙauri. Ƙananan ɓurɓushin da ke yawo cikin iska kawai take lura da su. Iri biyu ne suka mamaye kasuwa. Na farko yana ɗauke da ɗan mitsitsin sinadarin amerisiyom-241, wanda ke sa iskar da ke tsakanin wasu faranti biyu ta riƙa ɗaukar siririyar wutar lantarki. Da zarar ɓurɓushin hayaƙi ya shiga tsakani sai wutar ta ragu, ƙara ta tashi. Tushen wannan dabara a Suwizalan yake, cikin aikin Walter Jaeger da Ernst Meili na shekarun 1930, sannan a 1965 Duane Pearsall na Amurka ya fito da ƙarama mai aiki da batir wadda za a iya maƙalawa a gida. Iri na biyu da haske yake aiki. Akwai ɗan akwati baƙi ƙirin a cikinta, da 'yar fitila mai harba haske ta gefe guda, da wani ɗan ido da aka karkatar yadda hasken ba zai faɗa masa ba. Idan wani abu ya shiga akwatin ya watsa hasken har ya taɓa idon, sai ta yi kuka.

Kowane iri da abin da ya fi ji. Mai sinadari ya fi saurin kama ɓurɓushi ƙanana ƙwarai, irin na harshen wuta mai ci bal-bal, shi ya sa suya da toye-toye ke tayar da shi ko da ido bai ga hayaƙi ba. Mai haske ya fi kama manya, irin na katifa ko wayar lantarki mai cin ciki a hankali. Amma ƙura ma babba ce a wannan ma'auni, haka tururi, haka ƙwaro.

Tarihin dokokin Turai ya shafi Garwa ta nan. Faransa ta ba da umarni a 2011 a janye na'urori masu sinadari sannu a hankali, sannan daga 8 ga Maris 2015 ta wajabta wa kowane gida ƙararrawar hayaƙi. Saboda haka kayan da ke bin hanyar kasuwar Faransa zuwa Duwala su gangaro arewa, galibinsu masu haske ne. Wannan zaɓi ya rage wa Bature damuwarsa, wato ƙarar da gasa burodi ke jawowa. A Amurka ma sabon gwajin UL 217 da ya fara aiki a tsakiyar 2024 ya ƙunshi ƙona nama a gaban na'ura don a tabbatar hayaƙin girki ba zai ruɗe ta ba. Kowa ya gyara abin da ke ci masa tuwo a ƙwarya. Sai ya zamana irin da ya fi dacewa da kicin ɗin Paris shi ne ya fi rauni a gaban hazon hunturu.

Ɗaki ɗaya, komai a ciki

Kafin a zo ga yanayi, girman ɗakin kansa matsala ne. Kwantena mai ƙafa 20 tsawon cikinta bai cika mita 6 ba, faɗinta mita 2 da 'yan kai, iskar da ke ciki duka ba ta wuce kimanin kubik mita 33 ba. Ƙa'idar hukumar NFPA ta Amurka ita ce a nisanta ƙararrawa da murhu aƙalla mita 3. A irin wannan ɗaki, in murhu yana wannan kusurwa, rabin silin ɗin ya haramta ke nan, ragowar rabin kuma nan fanka take ko bakin na'urar sanyaya ɗaki, inda su ma ba a son a maƙala ta.

Gidan Bahaushe ko na Bafulatani a Garwa ya raba waɗannan abubuwa tun asali. Madafa na tsakar gida, zaure a buɗe, hayaƙi na da hanyar fita. Kwantena ta tattara ɗakin kwana da madafa da ofis a gwangwani ɗaya mai toshewar ƙofa. Kaskon turaren wuta guda, maganin sauro mai hayaƙi da aka kunna da magariba, butar shayi a kan gawayi a bakin ƙofa, karan sigari, feshin maganin ƙwari ko na ƙamshi, kowannensu ya isa ya cika wannan 'yar iska. Idan ƙararrawa ta yi kuka a kan turaren wuta ba ƙarya ta yi ba, hayaƙi ta gani ta faɗa. Ya kamata a raba wannan da ƙarar da ƙura ko raɓa ke jawowa, a kuma raba su biyun da kukan batir, domin maganinsu ba ɗaya ba ne, kuma haɗa su wuri guda a kira su lalacewa shi ke hana a gyara kowanne.

Shekarar Garwa a idon na'ura

Hunturu ne babban lokacin fitina, daga Nuwamba zuwa wajen Maris. Ƙurar da ke rufe sararin Garwa da Marwa ba ta hanyar mota ba ce kawai. Mafi yawanta daga kwarin Bodélé take tasowa, a arewacin Cadi, inda iska ke matsewa tsakanin duwatsun Tibesti da Ennedi ta sharo busasshen gindin tsohon Tafkin Cadi. Masana na ɗaukar wurin a matsayin mafi girman matattarar ƙura a duniya. Wani bincike na 2006 ya ƙiyasta cewa a ranar da iska ta taso a lokacin sanyi, abin da ke tashi sama yakan kai tan 700,000. Ƙasar wurin ragowar ɓawon wasu ƙananan halittun ruwa ce, fara ce, ba ta da nauyi, tana kuma da laushin da ke ba ta damar ratsa ragar da aka sa wa na'ura don tare ƙwari.

Ta hanya biyu wannan ƙura ke aiki. Ɗaya ta farat ɗaya ce: an buɗe ƙofa iska ta banko, ko an yi shara, ko babbar mota ta wuce ta tayar da jar ƙasa. Wannan kowa na iya gane shi. Ta biyun ta fi ɓoyuwa, ita ce kuma ta fi bayyana ƙarar tsakar dare. An yi cikin akwatin nan baƙi ne domin ya shanye hasken da ya kauce. Hunturu ɗaya ya isa ya shafa masa farin gari. Daga nan bangon da kansa zai fara mayar da haske zuwa ga idon, na'ura ta zauna kullum dab da iyakar da aka yanka mata, abu kaɗan ya rage ta tsallaka. Canjin sanyi da asuba, ko 'yar girgizar janareta, ko ɗan silin zare guda, sai ta ɓarke. Shi ya sa sabuwa kan yi shiru a shekarar farko ta fara tsiya a ta biyu, mai ita ya ce ai dama kayan yanzu ba su da ƙarko. Na'urori masu tsada suna da dabarar gyara ma'auninsu gwargwadon dauɗar da ta taru, har su sanar idan ta yi yawa. Masu araha ba su da ita.

Garwa kuma garin auduga ne. Hedikwatar Sodecoton tana nan tun kafa kamfanin a 1974, kuma jigilar auduga da gurzarta a watannin rani ake yi. Gashin auduga mai yawo a iska kusa da masana'anta ko hanyar manyan motoci yana shiga na'ura ya maƙale. A waɗannan watanni ne kuma ake ƙonen daji, hayaƙinsa ya kwanta a kwarin Binuwai da dare idan iska ta lafa.

Akwai wani kukan na hunturu da ba shi da alaƙa da ƙura sam. Gajere ne, ɗaya-ɗaya, duk bayan rabin minti ko minti guda, kamar na gyare. Batir ne ke neman canji. Sanyi na rage ƙarfin batirin da ya riga ya tsufa, kuma ɗakin ƙarfe ya fi yin sanyi gab da asuba, don haka a lokacin ne ƙarfin ke faɗuwa ƙasa da abin da na'ura ke buƙata. Rana na fitowa batir ya ɗan farfaɗo, kukan ya ɗauke. Wanda ya duba da hantsi zai tarar komai lafiya, kuma ba abin mamaki ba ne a ji maigadi ya fara zargin mutanen ɓoye.

Bazara tata matsalar ta fi muni, ko da yake ba ta kai hunturu surutu ba. A Maris da Afrilu zafin Garwa yakan kai digiri 40 a inuwa, ya ma wuce. Takardar yawancin ƙararrawar gida kuwa ta ce iyakar aikinta digiri 38 ne ko 40. Silin ɗin kwantenar da ke shan rana ba tare da rufi na biyu ba ya zarce wannan nesa. Muddin na'urar sanyaya ɗaki na aiki abin da sauƙi, to amma wutar arewacin Kamaru ta daɗe tana dogara da madatsar Lagdo, mai megawat 72, wadda aka gama a 1982, kuma ƙarshen rani ne ruwanta ke ja baya, ɗaukewar wuta ta yawaita. Ɗaki ya yi sanyi, ya koma tanda, ya sake yin sanyi, sau da yawa a yini guda. Batir na saurin mutuwa a haka, kayan cikin na'ura na saurin tsufa.

Abin tsoron ma ba wannan ba ne. Masu ƙera na'urorin da kansu sun yi gargaɗi cewa a ɗakin da rufinsa ba shi da abin tare zafi, iska mai zafi kan kwanta a ƙarƙashin silin ta zama shamaki. Hayaƙin wutar da ta fara ci a hankali ba shi da zafin da zai huda wannan shamaki, sai ya bazu a ƙasa da shi, ƙararrawa tana sama ba ta san ana yi ba. Na'urar da ta hana mutane barci a Janairu saboda ƙura, ita ce za ta iya yin gum a Afrilu alhali katifa na ci. Don haka suka ce a irin wannan ɗaki a bangon ciki za a maƙala ta, tsakanin santimita 10 zuwa 30 ƙasa da silin. Masu haɗa ɗakuna a masana'anta kuwa a silin suke manna ta, tunda a ƙasarsu nan ne daidai.

Damina ba ta buƙatar dogon bayani. Danshin kwarin Binuwai idan ya haɗu da ƙarfen da aka sanyaya sai ya zama raɓa a cikin na'ura, ɗigon ruwa kuma yana watsa haske tamkar hayaƙi. Ga kiyashi, ga ƙananan gizo-gizo masu son lungu mai duhu su yi saƙa.

Bayan ihu

Mutumin da aka tasa daga barci sau uku a mako ba zai tsaya nazari ba. Zai taka kujera ya zare batir, ko ya ɗaure ta da leda, ko ya cire ta gaba ɗaya ya jefa a durowa. Wannan ba halin mutanen Garwa ba ne su kaɗai. Alƙaluman NFPA sun nuna cewa kusan uku cikin biyar na mutanen da gobarar gida ke kashewa a Amurka, a gidajen da babu ƙararrawa ne ko akwai amma ba ta aiki, kuma babban dalilin da ke sa mutane cire batir shi ne ƙarar banza. Bambancin shi ne a Sahel lokacin da ƙarar banza ta fi yawa ya faɗo daidai da lokacin gobara. Hunturu ke busar da komai, shi ke kawo iska, shi ke sa a shigar da wuta ɗaki. Mai karatu a Najeriya bai manta kasuwar Sabon Gari ta Kano a Maris 2016 ba, ko babbar kasuwar Sakkwato a Janairu 2021, ko ta Katsina a Maris 2021. Watannin da aka fi buƙatar na'urar su ne watannin da aka fi kashe ta.

Wani zai ce ai in wuta ta tashi a ɗaki ƙarami haka, ƙauri zai tashe shi. Binciken da Mary Carskadon da Rachel Herz suka wallafa daga Jami'ar Brown a 2004 ya nuna wari ba ya tayar da mai barci mai nauyi, sauti ne ke tayarwa, shi ya sa aka ƙayyade ƙarar na'urar a desibel 85 daga nisan mita 3. Lokacin ma ba shi da yawa. Gwajin cibiyar NIST ta Amurka na 2004 ya gano cewa damar tsira daga gobara mai ci da harshe ta ragu zuwa kamar minti 3, alhali a gwajin 1975 ta kai minti 17, saboda kayan ɗaki sun koma soso da roba. Ɗakin tafi-da-gidanka kuwa har bangonsa sau da yawa soso ne aka cusa tsakanin fallen ƙarfe biyu, ƙofarsa ɗaya, tagoginsa an dasa musu ƙarfe saboda ɓarayi. 'Yan kwana-kwanan Kamaru, waɗanda ke ƙarƙashin ma'aikatar tsaro, ana kiransu a lamba 118, amma sansanin ma'aikata da ke kan hanyar Poli ko Touboro zuwansu can ihu ne bayan hari.

Ana yawan raina muhallin wucin gadi, a ce ai na ɗan lokaci ne. Alhazan da suka ga gobarar Mina ta Afrilu 1997, wadda ta ci rayuka sama da 340 a cikin tantuna, sun san inda wannan raini ke kaiwa. Sai bayanta Saudiyya ta kafa tantunan da ba sa kama wuta.

Akwai kuma abin da ƙararrawar hayaƙi ba ta gani kwata-kwata, ko da sabuwa ce fil. Iskar kabon monoksaid da ke fita daga gawayi ko janareta ba ta da launi, ba ta da wari, ba ta da ɓurɓushi. Wanda ya shigar da kaskon garwashi kwantena a daren hunturu ya rufe ƙofa, ko ya kunna janareta a jikin taga, shirun na'urar da ke silin ba shaida ba ce cewa yana cikin aminci. Wannan iska tata na'urar daban ce, kuma Turai na da ma'auni na musamman, EN 50291-2, ga wadda za a sa a gidajen da ake ja da mota da kuma jiragen ruwa.

Gyaran, da wanda ya rataya a wuyansa

Galibin gyaran ba mai tsada ba ne. Ma'aunin Turai na ƙararrawar hayaƙi, EN 14604, yana da ƙarin gwaji ga na'urorin da za a sa a gidajen tafi-da-gidanka, inda ake jujjuya su tsakanin zafi da sanyi, kuma wadda ta ci gwajin akan rubuta a kwalinta. Ita ya kamata a nema, mai raga a bakinta, mai maɓallin da za a danna ta yi shiru na 'yan mintuna sannan ta koma aiki da kanta. Wannan maɓalli kaɗai yana hana zare batir, in dai an nuna wa mazaunin ɗakin inda yake. A wurin girki kuwa na'urar jin zafi ta fi dacewa, amma nan ma da lura. Wadda aka fi sayarwa tana tashi ne tsakanin digiri 54 zuwa 65, an kuma yi ta don wurin da zafinsa ba ya wuce 50. Ƙarƙashin kwanon Garwa a Afrilu sai aji na gaba, wanda ke tashi daga digiri 69 zuwa 85.

Rufi na biyu a saman kwantena, da tazarar da iska za ta ratsa, yana rage zafin ciki ƙwarai, kuma duk wani maƙerin walda a gari zai iya yinsa. Sai dai a yi shi da kwano. Rumfar zana ko ciyawa a kan ɗakin kwana tana magance zafi ta jawo abin da ya fi shi. Sauran kuwa kulawa ce: a busa ko a zuƙe ƙurar na'ura akai-akai cikin hunturu, a canja batir da shigowar sanyi tun bai fara kuka ba, a danna maɓallin gwaji, a duba ranar ƙira a bayanta, domin shekara 10 ce iyakarta ko a ƙasar da ba ƙura.

A ganina nauyin nan ba na maigadi ko direban da ke kwana a ɗakin ba ne, kuma zalunci ne a ɗora masa laifi idan aka tarar ya cire batir. Na kamfani ne ko ƙungiyar da ta sayo ɗakin ta kwantar da mutane a ciki. Ita ce ta karɓi kaya ba ta tambayi zafin da na'ura ke jurewa ba, ita ce ba ta ajiye batir a sito ba. Littafi ɗan ƙarami da za a riƙa rubuta ranar da ƙararrawa ta yi kuka, da sa'ar, da abin da ake yi a ɗakin, zai nuna cikin wata biyu ko ƙura ce, ko turare, ko batir. Hukumar ANOR, wadda aka kafa a 2009 don kula da ingancin kaya a Kamaru, tana da hurumin neman a bayyana iyakar zafi da ranar ƙira a kan duk ƙararrawar da za ta shigo ƙasar, kuma ya dace ta yi, tunda Garwa da Duwala ba yanayi ɗaya suke ba.

Ga mai kula da sansani ko ofishin kwantena a arewa, kada ka jira hunturu ya kama. Zaga ɗakunan tun a watan Oktoba, ka sauke kowace ƙararrawa ka buɗe bayanta. Wadda ka tarar babu batir a ciki, ka tambayi mai ɗakin abin da ya sa ya cire kafin ka mayar da sabo.